Awo

Shekara talatin da biyu ina awo,
ba na fili ba, na ciki.
Mace ta shigo da kwalli da murmushi,
in ce hau gado, fuska ba ta faɗa mini komai
sai na kara kunne.

Ga kuɗin sallama sun fito,
suna ƙaiƙayin tafin hannuna.
Modi dillali ya kai ni Mabera bayan la'asar.
Ɗaki uku, falo, rijiya, dogon yaro a ƙofa,
fenti ruwan ƙwai, ko ƙuda bai sauka a kai ba tukuna.
Ya ce, wanga gida ba shi da ko ciwon kai.
Na ce, haka kowa ke faɗa kafin a auna jininsa.

Ɗan ƙanena ya kira Altine safiyo,
mai na'ura da ƙafa uku.
Ya bi turke zuwa turke cikin ranar Sakkwato
da ke narka kwalta,
ya gano katangar maƙwabci ta ci taku biyu ta gabas,
ya buga hatimi.
Aiki ne, ban raina ba.
Amma ya faɗa mini inda gidan ya tsaya ne,
bai faɗa mini ko zai daɗe a tsaye ba.

Akwai kuma mai yanka daraja.
Ya leƙa ta taga, ya rubuta miliyan kaza,
shayin da na zuba masa bai huce ba ya tafi.
Wannan na sani,
irin awon da ake ɗora mace a sikeli a ce ta sauka.

Saura na uku, Injiniya Ladan,
ladansa ya kai kuɗin ragon layya.
Na kwana ina juya lissafi,
na ƙirga buhun shinkafa, na ƙirga kuɗin makarantar jika.
Da asuba na tuna wadda ta ƙi hoton ciki don naira kaɗan,
da daren da muka yi a kanta.
Na kira shi tun kafin in karya.

Ya zo da tocila da ƙaramar guduma,
bai dubi fenti ba.
Ya ƙwanƙwasa bango, ya saurara,
ya matsa, ya sake,
sai na ga kaina.
Ya hau cikin silin, ya daɗe,
ya sauko da gari a hannu:
gara ta riga ni tarewa.
Ya kankare bango daidai gwiwa,
ga layin gishiri-gishiri kwance a ƙarƙashi
kamar tabon tiyata.
Daga masai zuwa rijiya ya taka,
taku bakwai, ya girgiza kai.

Inna Tumba mai kwaɗon zogale na zaune a zauren kusa.
Ta ce, ni ba wanda ya tambaye ni.
Na tambaye ta.
Ta ɗora hannu a cinya: nan ruwa ya kai a watan takwas,
tukwanensu har masallaci suka je ba su yi alwala ba.

Takarda shafi goma sha ɗaya Ladan ya kawo.
Bai ce gidan ya mutu ba.
Ciki ne mai wuya, na san irinsa:
in an sani da wuri, a shirya.
Sabon katako, a ɗaga daɓe, a haƙa magudana,
rijiya kuwa sai wanki.

Na ajiye takardar gaban Modi,
na zare kuɗin gyara daga farashi har da na Ladan.
Ya yi rantsuwa, ya tashi, ya kai ƙofa,
bayan kwana tara ya dawo da mai gida.

Jiya ruwan farko ya sauka.
Jikata ta same ni tsugune a falo,
kunnena manne da bango.
Ta ce, Kaka, mi kike ji?
Na ce, yi shiru,
ban gama awo ba.