Kunnen Dama

A Gdansk, hawa na huɗu, gidan da babu lif,
mahaifina Bogumil na zaune gaban talabijin,
ya ƙure murya har kofuna na rawa a kan kanta.
Daga ƙasa Wieslawa ta ɗauki cokali
tana ƙwanƙwasa bututun ɗumama ɗaki:
ƙwal, ƙwal, ƙwal.
Shi bai ji ba. Ni na ji.

Shekara talatin da ɗaya yana dukan ƙarfe
inda ake ƙera jiragen ruwa.
Can ya baro kunnen hagu,
da yatsa guda, da rabin haƙurinsa.

Ƙanena Leszek ya zo da takarda, ya zana:
lasifika biyu a gaba, ɗaya a tsakiya,
biyu a bayan kujera kamar masu gadi,
ga wata ƙatuwa a lungu, mai gurnani.
Ya ce, Baba, in jirgi ya gifta a fim sai ka sunkuya,
ruwan sama ta ƙeyarka zai zubo.
Baba ya ce, wanda ke zuba a garin nan bai ishe ka ba?

Ni kuwa na zauna lissafi.
Waya mita ashirin ƙarƙashin kafet,
huda huɗu a bangon da ba namu ba,
kyanwa mai tauna duk abin da ya yi kama da jela,
tsoho mai tashi fitsari cikin dare ba ya kunna wuta.
Na ce sanda ɗaya ta isa,
doguwa, baƙa, kwance a gindin talabijin.
Leszek ya ce ai makaryaciya ce,
bango take jifa da murya, ta dawo, ta ce ta kewaye ka.
Na ce kai ma haka kake.
Kwana uku ba mu gaisa ba.

Ran Asabar muka kai shi kanti.
Yaron kanti ya zaunar da shi tsakiyar ɗakin gwaji,
ya saki yaƙi.
Harsashi ta nan, helikwafta ta can,
Leszek na murmushi kamar shi ya ƙera.
Baba ya juya kai, ya sake juyawa,
yana laluben abin da aka ce yana hagunsa.
Can ya ɗaga hannun nan mai yatsa huɗu:
Yaro, ni duniya ta daɗe da komawa gefe guda.
Kashe yaƙin. Sa min labarai.

A nan na tuna abin da na sani ban lura ba.
Mama, a damansa, saƙa a cinya,
tana maimaita masa ba tare da ta ɗago ba:
Ya ce gobe akwai ƙanƙara.
Ta ce ba ta son sa.
Ya ce kuɗin fansho sai wata shekara, ɓarayi.
Ɓarayin nata ne, ba na mai labarai ba.
Tun Nuwamba babu kowa a kujerar.

Baba ya ce, wacce ke danne kiɗa ta fito da magana?
Yaron ya nuna maɓalli ɗaya a rimot.
Sandar muka saya.

Leszek ne ya hau da ita, yana haki, yana mita,
ya gwada da ma'auni, ya saita ta tsakiya cif.
Da ya tafi, Baba ya tashi
ya tura ta dama, kamar taƙi biyu.

Kwana biyar cokali bai yi magana ba.
Ran na shida Wieslawa ta hawo da silifas
ta duba ko ya mutu.
Ta tarar da shi yana jin hasashen yanayi, ƙasa-ƙasa.

Na ce, Baba, yanzu kana ji?
Ya ce, kalma ɗaya ba ta wuce ni.
Sai dai labaran sun yi lami.
Da can akwai mai sa musu gishiri.