Sharaɗi na Bakwai

A bangon masallacin Hanwa aka liƙa ta,
farar takarda, ruwa ya ci gefenta.
Jafaru ya ɗauko min hotonta a waya.
Na ce karanto,
idona ya daina shiri da ƙananan baƙi.

Na ɗaya: sana'a ta kai shekara biyu.
Na yi dariya har bokiti ya tuntsure.
Mangwaron tsakar gidan Malam Ɗalhatu
a gwangwanin madara na raine shi,
yau jikokinsa ke jifa.

Na biyu: shago mai lamba.
Shagona bakin Kubanni ne,
rufinsa gajimare, ƙofarsa burtali.
Lambar da na riƙe ɗari uku da sittin ce,
gwaibar da ruwa ya tafi da ita a dare ɗaya.

Na uku rajista. Na huɗu takardar banki ta wata shida.
Kuɗin dashe ba ya kwana, ɗan nan.
Ya shigo da hantsi, la'asar ya koma leda da taki,
abin da ya rage ya faɗa tukunya.
Wane banki ke buga hatimi a kan tuwo?

Na biyar: ma'aikata biyu su tsaya maka.
Ai na san su.
Su tsaya da mota, su taya lemo rabin kuɗi,
su ce sai an yi albashi.
Ni ya kamata a tambaya game da su.

A na shida ya yi shiru.
Na ce faɗi mana.
Kada mai nema ya haura talatin da biyar.
To.
Na haura ta tun yana rarrafe tsakanin tukwane.
Shi yana da ƙuruciyar, babu sunansa a sana'a,
ni ina da sana'ar, furfura ta ci ni tara.
Da ana yi wa mutum aure irin na mangwaro,
a yanko reshena a ɗaura kan ƙuruciyarsa,
a naɗe da leda, mako uku,
da sun sami wanda suke nema.

Na bakwai: sana'ar ta amfani al'umma.
A kawo hujja.

Hujja ba ta shiga ambulan.
Tana ƙofar makarantar allon Layin Zomo,
tana bakin tasha, inda masu lemo ke fakewa da azahar,
tana kan kabarin mahaifiyarsa.

Na ce cike, da biro mai kyau.
Inda babu, rubuta babu, kada ka ƙara gishiri.
Gobe zan hau babur da darbejiya ɗaya a cinya.
In sun ce ban cancanta ba
in ajiye musu ita bakin ƙofa.
Na ga inda suke jera motocinsu,
ko inuwar tsinke babu.