Ɗaki Marar Taga a Arlington

A Arlington, hawa na bakwai,
akwai wani ɗaki marar taga.
Nan abincina yake.
Su zuba mini murya a kunne, in mayar musu da ita takarda,
kowane layi da lambarsa.

Da safe jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tofar da ni a Rosslyn,
in kulle wayata a akwatin ƙarfe,
in nuna kati, ƙofa ta yi tsaki ta buɗe.
Kofi mai ɗaci. Abin sauraro a kai.
Sai gida ya shigo mini ba sallama:
carar zakara, kukan babur, wata tana daka can nesa,
wani yana ta faɗin, "Kana ji na? Sabis ne babu."

Ranar Talata wata murya ta ce,
"Baƙin sun iso, a tanadi ruwa."
Shi ke nan. Daƙiƙa tara.
Misis Pruitt ta tsaya a kaina, biro a baki.
Su wane ne baƙin? Mene ne ruwan?
Na ce mata a wajenmu baƙo yawa gare shi:
mai zuwa suna, mai zuwa ta'aziyya,
jaririn da aka haifa jiya,
fara idan ta sauka a gona,
har wanda ya zo tsakar dare da bindiga a kafaɗa,
wanda ba a kama sunansa.
Ta ce fom ɗin gurbi ɗaya gare shi.

Na saurara sau goma sha ɗaya.
Bayan muryar akwai tarin wani tsoho,
akwai ƙarar murfin tukunya da ya faɗi,
da dariyar yaro, ko kuka, ban rarrabe ba.
Na rubuta: babu tabbas.
Takarda ta hau sama,
can inda babu tabbas ba ta da kujerar zama.

A bangon falon akwai taswira,
ƙasata da maƙwabtanta, an tsire su da allurai masu launi.
Gefenta ada akwai hoton wani janar,
yana murmushi, yana karɓar takardar shaida.
Bara sunansa babban amini.
Bana ya kwana a gidan rediyo ya wayi gari shugaban ƙasa,
ya ce a naɗe tabarma a ba shi fili,
ya shimfiɗa wa wasu masu jan kunne daga ƙasar ƙanƙara.
An sauke hoton.
Ƙusar tana nan, tana jiran wani.

Su ce muradu, su ce kawance, su ce yankin.
Yankin nan fa a ciki aka binne cibiyata.
Kuma ban manta ba:
waɗanda ake farauta su suka ƙone kasuwar garinmu,
su suka tare motar Kawu Jatau a hanya.
Ba waliyyai nake karewa ba.
Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski,
na ci, har na biya kuɗin gida da shi.
Askar ce ban san inda take sauka ba.

Lambar nan ba ta sake kira ba.
Wataƙila caji ne ya ƙare.
Wataƙila ya canja layi, mutane suna canjawa.
Da yamma na tsaya a kan gada,
Potomac yana wucewa, ba ruwansa da kowa.

Daren Juma'a Inna ta kira.
Bayan gaisuwa ta ce, "Yau mun yi baƙi."
Cokali ya suɓuce mini.
Na ce, Inna, faɗi sunayensu.
Ta ce, "Kai kuma, lafiya?"
Na ce, ki faɗa dai, ɗaya bayan ɗaya,
da ƙarfi, a hankali,
da garin da suka fito,
da abin da ya kawo su.