Awon Jan Ruwa

Shekara talatin hannuna na cikin kwatarniya,
na san fatar jar akuya fiye da fuskata.
In ta sha ruwan toka daidai, gashi ya saki.
In ta zarce kwanakinta, ita ma sai ta saki,
ka ɗaga ta, ta yage kamar tsohon zane.
Abin da Baffa Nomau ya bar mini ke nan,
sai wuƙar karta, da bashin buhu biyu na bagaruwa.

Yau ni ne a kwatarniyar.

Sankarar jini, in ji takarda.
Maganin ja ne wur, launin karan dafi,
yana sauka ta siririyar roba, ɗigo bayan ɗigo,
ni kuwa ina ƙirga fuka-fukan fanka
da zafin Sakkwato ya fi ƙarfinta.

Dakta Umaima ba ta ɓoye mini ba.
Ta ce, Malam Arzika, jan nan jarumi ne,
amma idonsa bai rarrabe gida da daji.
Yana bin ɓarawo, ya taka tukunyar mai gida.
Tukunyar ita ce zuciyarka.

Shi ya sa kafin ja akwai wani fari,
mai shiga gaba ya tsaya bakin ƙofa.
Shi ya sa take rubuta kowane awo a littafi,
tana tarawa kamar mai adashi,
akwai layin da ba za ta tsallake ba.

Ranar hoto suka shafa mini mai mai sanyi a ƙirji.
Na ga abata a allo, baƙi da fari,
tana buɗe baki tana rufewa,
na ji lugudenta kamar matan unguwarmu da hantsi.
Sittin, in ji su. Na ce madalla.

Zagaye na huɗu lamba ta sauko.
Dakta ta ce a dakata, ta ƙara ƙwaya ƙanƙanuwa.
Na hasala. Na ce ku zuba shi duka mu huta,
kuɗin mota daga Gidan Igwai ba ganye ba ne,
Tumba ta riga ta sayar da tunkiya.

Ta ajiye biro. Ta ce, kai majemi ne,
in mai fata na sauri, kana ninka masa toka?

Na yi shiru.
Baffa Nomau ne ya amsa daga cikin ƙirjina.

Yanzu da asuba, kafin rana ta zare ido,
nakan taka zuwa bakin masallaci na biyu in dawo.
Miya ta rage gishiri, kilishi sai ƙamshi daga nesa.
Da dare Tumba kan danna idon sawuna da yatsa,
ta jira ta ga ko rami zai zauna,
ta ƙirga matasan da na tara a ƙarƙashin kai,
ta kasa kunne ga numfashina, ta ɗauka barci nake.

Gashina ya saki, wannan na san shi a sana'a.
Fatar dai nake roƙo ta fito da ƙarfinta.

Talata za mu koma.
Na naɗe wa Dakta fata guda, ja, marar tabo,
wadda na cire daga ruwa a kan lokacinta.