Masarar Crisanta

A tudun Oaxaca, inda gajimare ke kwana,
Crisanta ta shuka irin da kakarta ta bari
cikin tsohon gwangwanin madara:
masara shuɗiya, kamar an tsoma ta a baba.

Gonarta ba ta san takin buhu ba.
Kashin awaki ake kai mata a bayan jaki.
Wake ya nannaɗe kara, kabewa ta rufe ƙasa,
tsutsa kuwa da yatsa ake tsince ta
har baya ya ƙage.

Da dare ta dafa tsaba da toka,
da asuba dusa ta saɓule.
Ta niƙa, ta faɗaɗa ƙulli a tafin hannu,
kasko ya gasa, wuƙa ta fitar da kusurwa uku,
mai ya ƙarasa aikin.

Ranar kasuwar Tlacolula
wani mai tabarau ya ɗaga ledar totopo sama:
"Wane rini kika zuba?"
Ta ɓare goyon masara guda, ta miƙa masa.
Ya duba, ya tauna, ƙaras.
Ya sayi shida.

Gutsattsarin gindin kwando
nata ne da jakin, a hanyar gida.