Shafi na Sha Tara

Daren Talata, zauren majalisar gari.
Na'urar ɗumama ɗaki tana tari kamar tsohon mashayin taba.
Mu bakwai ne a teburi, ni ke riƙe da lissafi.
Kasafin bana shafi arba'in da ɗaya ne,
a na sha tara ramin yake:
dala miliyan uku da 'yan kai,
bashin fanshon 'yan kwana-kwana a kan garin Harlow Bend.

Ba rana ɗaya aka haƙa shi ba.
Shekarar da masana'antar ƙarfe ta rufe, aka ce sai baɗi.
Baɗi ta zo da ambaliya, kogin Ohio ya tafi da gada.
Baɗin baɗaɗa kuwa zaɓe,
wa zai nemi ƙuri'a da ƙarin haraji a baki?
Aka yi ta ɗinke ɓaraka da zaren aro.

Can kujerar baya, kusa da ƙofa,
mahaifina, Wendell Hruska,
tukunyar iskar numfashi tsakanin ƙafafunsa.
Shekara ashirin da takwas yana shiga
inda ɓera ma ke neman hanyar fita.
Shi ma huhunsa na da nasa littafin lissafi:
rumbun tayoyi da ya kwana uku yana ci,
benen titin Delancey
inda ya fito da yara biyu a hammata,
ya koma ɗauko na uku.
Tun daga ranar ba a gasa nama a gidanmu.

Kansila Pruitt ya ce a rufe laburare.
Tsohuwa Odell ta miƙe da takardar harajin gidanta,
ta ce, "Ni ma fansho nake ci,
ƙwayar hawan jini biyu nake raba ta."
Ba ƙarya ta yi ba. Na san kicin ɗinta.
Sai wani saurayi da aka turo daga Columbus
ya haska zane a bango, ya gyara murya:
matsalar, in ji shi, tsofaffin suna daɗewa
fiye da yadda aka ƙiyasta.
Baba ya yi dariya,
dariyar ta rikiɗe tari, tarin ya ƙi tsayawa.

Ina tuna takalmansa a bakin gado,
wando naɗe a kansu, jiran tsalle ɗaya.
Ina tuna uwata a taga, shayi ya huce a hannunta.
Albashin bai taka kara ya karya ba.
Cewa aka yi: karɓi kaɗan yanzu,
sauran muna riƙe maka.
Ya yarda, don mutanen da suka faɗa
coci ɗaya suke zuwa da shi.
Alkawari kaya ne,
sai dai masu ɗaukarsa sun sauke a maƙabarta
sun bar mana gammo.

Aka fara kiran suna.
E. A'a. A'a. E. A'a. E.
Saura ni.

Daidai nan jiniya ta ratsa titi,
jan haske ya lashi tagogi.
Tsofaffi biyar a layin baya
suka yunƙura tare, rabin tashi,
hannu na lalube hular da babu.
Suka dubi juna. Suka koma suka zauna.

Na ce e.
Harajin gida zai hau, laburare zai rufe ran Asabar,
ramin kuma sai shekara goma sha biyar zai cike, in ya cike.
Odell ta ninke takardarta gida huɗu,
ta wuce ni ba ko kallo.

A wajen ajiye motoci ƙanƙara ta daskare a gilashi.
Ina kankarewa, yana tsaye yana jan numfashi.
Na jira ya ce na gode, ko ya ce kin yi wauta.
Ya ce, "Lorna, na'urar hayaƙin nan ta gidanki,
yaushe rabon ki canja mata batir?"