Gishirin Baba Kolo

A Kasuwar Barci, bayan layin 'yan gwanjo,
Baba Kolo ya kasa kantu uku bisa buhu.
Tsakiyar damina ce, ruwa ya kwana yana zuba,
gishirin kuwa sai gumi yake.

Na ce, "Baba, hajarka na kuka."
Ya ce, "Gida ta tuno."

Can arewa, in ji shi, inda kwalta ke ƙarewa,
akwai tafkin da bai san kifi ba.
Tsuntsu in ya sauka, da ƙishinsa yake tashi.
Rana na shan ruwan kullum
kamar mai karɓar bashi,
abin da ta kasa haɗiyewa
shi ke tsirowa a gaɓa:
wani kamar curin kabeji,
wani kamar haƙoran tsohon raƙumi,
wasu sun jeru farare fat,
ka ce sahu ne aka tayar
liman bai iso ba.

Ya ɗago min dugadugansa,
faso ya tsattsaga su.
"Shekara tara ina taka shi ba takalmi.
Ba ya cizo, yaro.
Lasa yake, har ya kai ƙashi."

Na sayi na ɗari biyar.

Bisa gada a-daidaita ta maƙale a cunkoso.
Kogin Kaduna ya cika, ja wur, yana gudu,
bai bar komai a bakinsa ba
sai laka da leda.
Na gutsuri kaɗan na ɗora a harshe.
Har muka kai Kakuri
ƙishin wani gari nake ji.